Shuɗin da Sherbaz Ya Daina Gani

Sifirin na biyu da maƙeri Sherbaz ya ƙera wa kunamar bindigar ya karye da hantsi, a gaban mai ita. Ƙas! Gutsuren ya faɗa cikin kofin shayi.

Mai bindigar, Malik Torsam, ya tsamo shi da yatsa biyu. Bindigar kakansa ce, kuma gobe za a yi bikin ɗansa a ƙauyensu. Ita ake fara harbawa sama idan an kawo amarya.

"Ustad Sherbaz," in ji Malik, "motar la'asar ba ta jira. In abin ya gagara, in tsallaka titi."

A tsallaken titin, Janat Gul, abokin hamayyar Sherbaz, yana zaune bakin maƙerarsa, yana jin komai. Duk kasuwar maƙeran bindiga ta garin Darra ta san ya daɗe yana neman wannan rana.

"Yaya, tsufa ne!" ya ce da ƙarfi. "Miƙo ta nan, ka je ka kwanta!"

Ƙarfen ba shi da laifi. Sherbaz da kansa ya zaɓo shi daga sifirin wata tsohuwar babbar mota, ya buga ya ji amonsa, ya goga a dutse ya yarda da tartsatsinsa. Laifin na idonsa ne. Ƙarfen da aka tsoma a mai yakan yi tauri kamar gilashi. Sai an sake ɗumama shi, launi na bin launi, a janye daidai lokacin da ya yi shuɗi. Shekara arba'in Sherbaz yana kama wannan shuɗin. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba.

Ya ƙera na uku, ya tsoma shi, ya goge shi fes. Sai ya sunkuci kaskon garwashi da awartaki ya bi lungu da sauri zuwa gida, maƙera na yi masa ihu.

Matarsa Bakhtawara tana surfani a tsakar gida.

"Baban Zarin, maƙerar ce ta biyo ka gida?"

"Ajiye allurar nan. In ya yi shuɗi ki gaya mini."

"Wane shuɗin?"

"Shuɗi mana!"

Ta zazzage kwandon zarenta a tabarma. "Bakwai ne a nan. Wanne?"

Ya duba, duk ɗaya suke a wurinsa. "Na wuyan tantabara."

Ta zaro guda ta riƙe a haƙori, ta ja mijin zuwa inuwar bango. Ya ɗora ƙarfen bisa garwashi.

"Ya yi launin kara," ta ce. "Ruwan zuma. Kada ka motsa! Ɓawon albasa. Saura kaɗan, saura kaɗan... Janye! Janye, tsohon nan!"

Ya janye.

Ana kiran sallar la'asar ya ɗaura sifirin a gaban mutum kusan talatin. Ya ɗana bindigar, ya saki. Ya sake. Sau ashirin, mutane na ƙirgawa da baki ɗaya. Malik Torsam ya fizge ta, ya sa harsashi, ya fita tsakiyar titi ya nuna sama.

Ƙarar ta daki duwatsu ta dawo. Shaguna huɗu suka amsa da nasu harbin. Malik ya rungume Sherbaz, ya ruga wajen mota, rawaninsa na warwarewa.

Janat Gul ya tsallako, ya daɗe yana leƙen sifirin.

"Yaya, wa ya ba ka aron ido?"

"Je ka hura wutarka," in ji Sherbaz. "Ta mutu tun ɗazu."