Usur ɗin Ortese

Shekara ashirin ina raba kokawa a Kwandere, ba a taɓa cewa ni Mailafiya na yi son kai ba. Shi ya sa a 1957, da Malam Ortese na makarantar mishan a Lafiya ya kafa sanduna biyu da zoben ƙarfe na wasan ƙwallon kwando, ni ya miƙa wa usur.

Ya ce, "Baba, in mutum biyu suka riƙe ƙwallo tare, ka busa, ka jefa ta sama tsakaninsu."

Na ce na ji. A raina kuwa na ce maza biyu a kan abu ɗaya, ƙarfi ne ke raba su.

Ranar Asabar malamai suka kara da 'yan doka. Cikin 'yan dokan akwai Sha'aibu, ɗan ƙanwata. Ƙwallo ta faɗi, shi da wani malami, Iortyer, suka cafke ta tare. Suka ja. Ban busa ba. Na durƙusa ina kallon ƙafafunsu, ina jira gwiwar wani ta taɓa ƙasa, kamar yadda na saba. Sha'aibu ya murɗa, ya kai gwiwar hannu. Iortyer ya tofar da haƙori a kan yashi.

Ba wanda ya zage ni. Wani dai daga baya ya ce, "Ai ɗan ƙanwarsa ne." Kafin Litinin maganar ta shiga kasuwa.

Na ajiye usur a kan teburin Ortese, na tafi gida. Kwana uku ina juya abin. Ɗan kokawa ya san jikinsa ya kawo fili, ya yarda a kama shi. Iortyer ƙwallo ya zo nema. Bai ba kowa bakinsa ba.

Ban taɓa zuwa ƙofar wanda na haifi sa'ansa neman gafara ba. Na je. Na sami Iortyer yana kurkure baki da ruwan gishiri.

Na ce, "Malam, ba don Sha'aibu na yi shiru ba. Kokawa nake kallo."

Ya dube ni. "To Baba, wa ya kayar?"

"Ba wanda ya kayar. Ni na faɗi."

Ya yi dariya, ya dafe kumatu. Ya ce Asabar ba zai shiga fili ba sai ni ke riƙe da usur, kuma shi zai faɗa wa Ortese.

Asabar ta zo. Sha'aibu da Iortyer suka sake haɗuwa a kan ƙwallo. Hannu huɗu na sauka a kanta na busa.

Sha'aibu ya ce, "Kawu, ko ja ban yi ba tukuna."

Na ce, "Na sani. Kawo ta."

Na tsaya tsakaninsu, na jefa ta sama. Iortyer ya fi shi tsalle.