Fankar Ofishin Malama

Su ne suka hure wa Auta kunne, su ɗin nan masu zama bayan tebur suna tsara wa 'ya'yan mutane rayuwa... Likita ubanta ya ce za ta zama, likita! Shekara sha bakwai yana faɗa, yau Auta ta dawo masa da takarda wai injiniyar lantarki take so, sa hannunsa kawai ake jira.

Ga shi nan a ofishin malamar ba da shawara, mai gyaran fanka da kansa, takardar a dunƙule a hannu, baki cike da magana. Lantarki? Shi za a gaya wa lantarki? Wa ya koya masa? Ba kowa — wutar ce ta koya masa, sau uku tana wurgo shi daga kan tsani, babban yatsan nan har yau ba ya lanƙwasuwa. Ya haifi 'ya don ta gaji ƙuna?

Malama tana ta bayani a natse, maki, lissafi, wai yarinyar... ba ya jin ta. Iska yake ji. Fankar tebur ce ke juyawa a gefe, tsohuwa tukuf, irin wadda ko shi zai ce a jefar — amma sautin! Ba kuka, ba rawa. Wa ya taɓa ta?

Malama ta ce, "Baba, ai 'yarka ce ta sake naɗa mata koyil, wayar da ke cikin injinta. Da hutun safe, kwana biyu."

Har ya kashe ta, har ya buɗe bayanta, izini kuma sai daga baya. Naɗin... tsaf, layi bisa layi, bakin wayar an murɗe sau biyu an cusa ciki. Murɗinsa. Duk layin masu gyara ba mai yin haka sai shi. Yaushe? Yarinyar da yake kora daga shago, tafi ki yi karatu, tana tsugune bakin ƙofa da kwanon abincinsa, ido ƙur a kan yatsunsa... ja'ira, ashe sata take yi! Kuma ya fi nasa tsafta, wallahi ya fi, dariya na neman ƙwace masa —

farar rigar likitan fa? Wadda ya gama cika wa maƙwabtan shago baki a kanta?

Biro a hannunsa, bai san sanda ya karɓa ba. Ya warware takardar a kan tebur, ya sa hannu. To maƙwabta, ku matso ku duba naɗin nan da idonku, ku ce masa ba don wannan aiki aka haifi yarinyar ba. Ku faɗa mana, yana jin ku.