Awon Kwazazzabo

Malamin kimiyya na makarantar ƙauyen ba ya son koyarwa a zaune. Tun zuwansa ya lura cewa idan ya zana zaizayar ƙasa a allo yara hamma suke yi, alhali zaizayar tana nan bayan katangar makaranta tana cin ƙasa kowace damina. Wani kwazazzabo ne da ya faro daga inda aka kwashe yashi shekarun baya. Ya yi zurfin da zai shanye mutum biyu a tsaye, kansa kuma yana matsowa wajen gidajen gefen gari. Duk abin da yara suka tambayi malamin, amsarsa ɗaya ce: "Mu auna mu gani." Shi ya sa suka laƙaba masa Malam Mu-auna, har ya kai idan an kira shi haka yakan waiwayo.

Da damina ta faɗi, ya ƙudurta fitar da 'yan aji biyu waje. Kayan aiki kuwa babu. Ɗakin gwajin makarantar kabad ɗaya ce, a ciki akwai kwalabe uku, da maganaɗisu, da ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya. Don haka ya ari tef ɗin awo na matarsa, wadda tela ce.

"Ka dawo min da shi da laka ka gani," in ji ta. "Da igiyar shanya zan auna maka wuyan riga."

Da tef ɗin suka auna doguwar igiya, suka ƙulla ta a kowace mita. Gwangwanin madara da aka ɗaure wa rula ya zama ma'aunin ruwan sama. Turaku kuwa wajen kafinta ya samo su, dattijon da gidansa ya fi kowane kusa da kwazazzabon, kuma uban wata ɗalibarsa da 'yan aji ke kira 'Yar Lissafi. Kafinta ya fiƙe masa guntayen katako goma sha biyu yana dariya.

"Malam, ni dai na san ana ɗaure akuya a turke. Yau rami za a ɗaure?"

"Ba ɗaure shi za mu yi ba, Baba. Saurin tafiyarsa muke son sani."

Suka kafa turakun a jere, mita ɗaya tsakanin kowanne, daga kan kwazazzabon har gindin bangon gidan kafinta. Bayan bangon nan ɗakin mahaifiyar kafinta yake, tsohuwar da kowa ke ce wa Kaka. Ta leƙo ta taga tana kallon yara suna buga katako da dutse, ta ce wa jikarta, "Takwara, karatun naku ya ƙare ne kuka koma wasan ƙasa?"

Makonnin farko daɗi ne zalla. Yaran da ba sa buɗe baki a aji suka koma masu gardama a kan ƙullin igiya. Suka cika kwalabe da ruwan da ke gangarowa, suka ajiye a taga har laka ta kwanta, suka ga ruwan da ya bi ta ciyawa ya fi wanda ya bi ta fili haske. Wani dogo da ke zama a baya ya gano da kansa cewa ramin ta ƙasa yake fara ci, sai saman ya rasa madogara ya rufta. Ranar malamin ya koma gida yana ba matarsa labari har shayinsa ya huce.

Cikin mako biyar aka yi ruwa mai ƙarfi sau huɗu, turaku biyar suka tafi.

Wata Talata bayan an tashi, 'Yar Lissafi ta tsaya a bakin teburinsa da littafinta a buɗe. Ta raba mita biyar gida huɗu, ta duba turaku bakwai da suka rage, ta ja layi biyu ƙarƙashin amsar.

"Malam, duba min ko na yi kuskure."

Ya duba. Ya sake dubawa, yana fatan ya ga inda ta ɓata. Babu. Ruwa mai ƙarfi shida, ramin zai taɓa bangon Kaka. Damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.

"Lissafinki daidai ne," ya ce. "Amma ƙasa ba ta bin lissafi kullum. Wataƙila a gaba akwai dutse."

"Mu auna mu gani?"

Ba ba'a take yi ba. Shi ya san babu dutse, don ya ga cikin ramin da idonsa: jar ƙasa ce mai laushi har ƙasa. Da ya kafa turakun nan, darasi yake gani. Bai taɓa tsayawa ya kalli inda layin ya ƙare ba.

Kwana biyu bayan haka kafinta ya zo makaranta, fensir a bayan kunne, garin katako a gira. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, me ka koya wa yarinyar nan? Hadari na haɗuwa sai ta bar abinci ta je ta tsaya a bango. Mu fa mun san ramin yana zuwa. Shekara nawa muna ganinsa? Amma ba mu sa masa rana ba. Kai ka sa masa rana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Tunda ka auna ciwon, mene ne maganin?"

Malamin ya san maganin. Yana cikin littafi, shafi biyu da zane: a karkatar da ruwan tun daga sama, a gina magudana da siminti da duwatsu, a dasa itatuwa a jira shekaru. Ya faɗa masa. Kafinta ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To a cikin waɗannan, wanne ne a hannunka?"

Babu ko ɗaya a hannunsa.

Duk da haka bai zauna ba. Ya rubuta takarda zuwa wani ofishi a birni da ke kula da irin wannan aiki, ya haɗa da jadawalin awon da yara suka yi, shugaban makaranta ya sa hannu. Ranar Asabar ya tara yara da iyayen da suka samu sarari, suka cika buhuna arba'in da yashi suka jera saman ramin, suka dasa ciyawar jema layi uku. Matarsa ta ɗinke bakin buhunan a kekenta har allura biyu suka karye. Kafinta ya kafe buhunan da katako. Da suka gama, abin ya yi kyau a ido, har Kaka ta ce an yi wa ramin jagira.

Ruwa biyu aka yi, turke ɗaya kawai ya tafi. Yara suka yi ta murna. Malamin ya yi murmushi tare da su, amma ya duba gwangwani ya ga ruwan ba mai ƙarfi ba ne.

A mako na uku da aika takardar wani jami'in ofishin ya zo a farar mota. Mutum ne mai fara'a, ya tsaya nesa da baki saboda takalminsa. Ya yaba aikin yaran ƙwarai, ya ce ko a birni bai ga irinsa ba, ya sa 'Yar Lissafi ta ɗaga jadawalin aka ɗauke su hoto. Malamin ya bi shi har mota.

"Ranka ya daɗe, yaushe za mu sa ido?"

Jami'in ya rage murya. "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Irin wannan rami talatin da ɗaya ke gabana, wasu sun riga sun ci hanya. Zan rubuta naku, wallahi zan rubuta. Amma bana kam, ku kwashe tsohuwar."

Malamin ya je ya faɗa wa kafinta. Tare suka shiga ɗakin Kaka. Ɗaki ne ƙarami, gadon ƙarfe, akwatin kwano, tabarma a naɗe, kujera 'yar tsugunno da kafinta ya yi tun yana koyon aiki. Ta saurare su tana murza yatsun ƙafarta.

"'Ya'ya bakwai na haifa a ɗakin nan, uku na yi wa wankan gawa a nan. Malam, kai da ka iya awo, auna min inda zan sa wannan a ɗakin aro."

Malamin ya sunkuyar da kai. Ita ce ma ta ba shi haƙuri, ta ce yaro ne, ba shi ya haƙa ramin ba.

Babban ruwan ya zo ranar Laraba ana tsakiyar darasi. Kwanon rufi ya hana a ji magana. Malamin ya hana kowa fita, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta taga ana hango komai: jan ruwa ya taru bayan buhunan, ya yi kamar zai tsaya, sai ya sami gefe. Buhun farko ya juya a hankali ya faɗa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, jemar da ba ta gama kama ƙasa ba ta tafi da saiwarta a sama. 'Yar Lissafi tana tsaye a taga, leɓenta na motsi. Ya gane ƙirga turaku take yi, ya rasa ta yadda zai ce ta daina.

Da ruwan ya ɗauke, turke ɗaya ya rage. Bangon Kaka ya tsage daga taga har ƙasa, tsagar da hannu zai shiga. A ranar kafinta ya goyi mahaifiyarsa a baya ya fitar da ita. Ba ta yi gardama ba, sai dai ta ce a ɗauko mata kujerarta.

Ƙanin kafinta da ke wani gari mai nisa ya ce su taho, akwai ɗaki biyu a bayan shagonsa. Kafinta ya ce ba zai bar wa rami kwanonsa ba. Ranar Asabar ya hau rufin gidan da ya buga wa kwano da hannunsa yana zare ƙusa ɗaya ɗaya, yana miƙe su a kan dutse yana zubawa a aljihu. Malamin ya zo tun safe. Ya yi ta shirya maganar da zai faɗa a hanya, da ya iso ta gudu.

"Riƙe min tsanin nan, Malam," in ji kafinta. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya riƙe tsani, ya karɓi kwano, tsatsa ta yanke shi a tafin hannu. Wajen azahar motar kaya ta cika. Aka zaunar da Kaka a gaba. 'Yar Lissafi ta zo ta durƙusa ta gaida malamin.

"Malam, a can ma akwai makaranta?"

"Akwai. Kada ki bari a ajiye ki a gida. Ki ce ni na ce."

Ya san maganarsa ba ta da nauyi a garin da ba a san shi ba. Ita ma ta sani, amma ta ce to.

Ƙofar ɗakin Kaka ce kawai ta rage, direba ya ce ko tsinke ba zai ƙara ba. Kafinta ya shafa ƙofar, ya dubi motar, ya dubi malamin.

"Katako ne mai kyau. Ka kai makaranta, kwa yi wani abu da ita."

Motar ta tashi tana tangaɗi a cikin laka. Malamin ya ɗora ƙofar a ka. Ta fi yadda ya zata nauyi, sau biyu yana saukewa kafin ya kai. Ajin a kulle yake, makullin yana wajen shugaban makaranta. Ya jingine ta a baranda inda feshin ruwa ba zai same ta ba, ya zauna a dakali yana duba yankan hannunsa.