Tsagar Kunnen Dama

Tun hantsi nake safa da marwa a ƙofar gidan mai gari, a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Ƙanƙara na narkewa a cikin kula, allurar rigakafi na neman lalacewa, amma ko akuya ɗaya ba a fito da ita ba.

Ni ce likitar dabbobin yankin. Wata ƙungiyar ƙasashen waje ce ta ba mu allurar da firji da babur. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk akuyar da aka yi wa, a tsaga mata kunnen dama don masu duba aiki su gane.

Haƙurina ya ƙare, na faɗa gidan Inna Ummu mai awaki.

"Inna, cutar nan tana ta kashe awaki a Maigatari. Me kuke jira?"

Ta ce, "'Yar nan, muna son allurar. Amma a garin nan, tsagar kunnen dama shaidar gidan Alhaji Gudaji ce tun kakanni. In akuyata ta shiga garkensa, wa zai ce tawa ce?"

Na kira ofis, na roƙi a bar ni in shafa fenti kawai. Aka ce sai masu tallafin sun zauna, bayan damina.

Ranar, awakin Alhaji Gudaji kaɗai na yi wa allura. Su kuwa, ko ban taɓa su ba, masu duba aiki za su ce an yi musu.