Gemun Malam Ilu

Malam Ilu ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a firamare, kuma da ya yi ritaya bai daina koyarwa ba, aji kawai ya sauya. Majalisar ƙofar shagon Muttaka tela, a Madabo, ita ta zama sabon ajinsa. Duk zancen da aka ɗauko, Malam Ilu yana da ta cewa. A nan ne ya taɓa cinye la'asar guda yana caccakar dattawan da ke rina gemu. Ya ce mai shafa wa furfura baƙi so yake ya yi wa Mala'ikan mutuwa wayo, alhali shi ba da gemu yake lissafi ba.

Abin da ya karya masa gwiwa ya faru ne ranar sunan jikar Muttaka. An jeru za a yi hoto, sai mai hoton ya ɗago hannu ya ce, "Alhaji Muttaka, ɗan matso kusa da mahaifinka."

Muttaka ya girmi Ilu da shekara biyu cif. Tare suka yi makarantar allo, tare aka yi musu kaciya. Majalisa ta yi mako guda tana cin wannan magana, har mai shayi ya koma kiran Ilu "Baban Alhaji".

Ran Asabar Malam Ilu ya hau adaidaita sahu har Sabon Gari, inda yake ganin ba wanda ya san shi, ya sayo kwalin dayis, baƙin rinin gashi, ya cusa a aljihun 'yar ciki. Ya kulle kansa a banɗaki da tsohon buroshin haƙori, ya fito da gemu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Matarsa 'Yardada tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da tankaɗenta. A majalisa kuwa ya ce man habbatus-sauda ne da rage tunani.

Bayan mako uku fari ya fara leƙowa daga tushe. Ran Laraba ya sake komawa banɗaki, wannan karon ya ninka haɗin, ya kuma bar shi ya daɗe, don a lissafinsa ninki biyu zai ba da mako shida. Ran Alhamis haɓarsa ta fara ƙaiƙayi, ya ce zufa ce. Da safiyar Juma'a 'Yardada ta shigo masa da koko da ƙosai, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Bawan Allah, ina ka kai mijina?"

Fuskar ta kumbura sumtum. Idanun sun shige ciki sun zama kamar tsagar asusu, leɓen ƙasa ya zazzago, fatar ƙarƙashin gemun ta yi ja tana tsatsafar ruwa.

"Bakin mutane ne," in ji Malam Ilu, muryarsa na fitowa da ƙyar ta tsakanin leɓɓan. "Tun da gemun nan ya dawo baƙi suka sa mini ido."

"To tashi mu kai bakin mutanen asibiti."

Ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu mai gadi, suka nufi wani ƙaramin asibiti a Gwale. Da layi ya zo kansu, likitar ta ɗago kai daga katin, ta sake duba sunan, sai ta miƙe tsaye ta rusuna.

"Malam! Ina kwana? Bahijja ce, 'yar aji biyar, wadda bakwai sau takwas ya hana ta sakat."

Da ƙasa za ta tsage da Malam Ilu ya shige. Duk likitocin Kano, sai wadda ya taɓa sa wa kamun kunne. Ta warware rawanin a hankali, ta haska fitila, ta tambaye shi ko numfashi na yi masa wuya, ko maƙogwaro ya shaƙe. Ya ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi, wannan ne abin tsoron.

"Malam, me ka shafa a gemun?"

"Ruwan alwala."

"Sai me?"

"Sai man habbatus-sauda."

'Yardada ta buɗe jaka, ta zaro rigar matashin kai ta shimfiɗa a kan teburin. Ga tambarin gemu nan baƙi, ɓaro-ɓaro, har da shatin gashin baki. Ta sake laluba jakar ta ɗora kwalin dayis a kai.

"A bayan randa ya ɓoye," in ji ta. "Shekara talatin da biyar ni ke share bayan randar nan."

Dakta Bahijja ta yi tari har sau biyu kafin ta iya magana. Malam Ilu kuwa, da ya ga asiri ya tonu, sai ya koma inda ya fi ƙarfi, wato gardama.

"To ji nan, Bahijja. Na shafa karon farko, ko ƙurji bai fito ba. Na biyun ma ran Laraba na shafa, yau Juma'a. In shi ne, ina ya tsaya kwana biyu? Lissafin bai fita ba."

"Zai fita, Malam. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne 'yan sintirin jiki. Karon farko da rinin ya ratsa fatarka, ba su yi faɗa ba, kamanninsa kawai suka haddace. Da ya dawo, waɗanda suka gane shi suka kwarma ihu. Ihun nasu wasu sinadarai ne da suke saki. Sai ƙananan jijiyoyin jini na wurin su buɗe, bangonsu ya yi danƙo, fararen ƙwayoyin da ke wucewa cikin jini su riƙa maƙalewa, suna kutsawa ta bangon suna fita cikin fata. Kowace ta iso ita ma ta yi nata ihun. Ruwa ya biyo su. Taron nan da ruwan nan su ne wannan kumburin. Taro kuwa ba ya cika nan take, shi ya sa ya ɗauki kwana biyu."

Malam Ilu ya gyaɗa kai. Duk da halin da yake ciki, bayanin ya burge shi.

"To sun kama ɓarawon?"

"Ai ba ɓarawo ba ne ma. Mutane da yawa suna shafawa su zauna lafiya. Naka ne suka ɗauki abin da zafi, garin korar baƙo suka farfasa unguwa."

"Ikon Allah," in ji 'Yardada. "Ashe har jininsa ya iya tara majalisa a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Likita ta rubuta ƙwayoyi da man shafawa, ta ce in numfashi ya sauya ko kaɗan a dawo da shi a guje. Ta ce shi da baƙin rini har abada, ko baƙin lallen mata kada ya taɓa, don 'yan sintirin nan ba sa mantuwa, kuma zuwa na gaba ya fi wannan muni. Sannan ta sunkuyar da kai ta faɗi mai wuyar.

"Gemun kuma sai an sauke shi, Malam. Rinin yana jikin gashin, maganin kuma ba zai kai fata ba."

Nan take wata ma'aikaciyar jinya ta zo da almakashi. Gemun da ya fara tarawa tun kafin ya yi aure ya zube a cikin tasa, 'Yardada tana riƙe da hularsa tana kallon silin.

Kwana tara bai leƙa ko zaure ba. Duk wanda ya yi sallama, 'Yardada ta aika a ce Malam yana fama da taron jama'a, ba ya ganin kowa. Ran na goma, bayan azahar, Muttaka ya ƙi karɓar wannan amsa, ya yi gyaran murya ya shigo har ɗaki. Kumburin ya saɓe, fata tana saɓa, haɓar nan fayau kamar ta sabon ango. Malam Ilu ya shirya wa dariya, har ya tanadi amsa.

Muttaka bai yi dariya ba. Ya saurari labarin fararen ƙwayoyi tun daga ihu har farfasa unguwa, yana gyaɗa kai. Sai ya leƙa tsakar gida, ya sassauta murya.

"Ilu, don Allah, su waɗannan 'yan sintirin, kowa yana da su?"

"Kowa."

"To wanda ya yi, a ce, shekara goma sha ɗaya yana shafawa ba abin da ya same shi, ai shi ya tsira ko?"

Malam Ilu ya ƙura wa baƙin gemun abokinsa ido, ya daɗe yana kallo. Ya gyara zama ya jingina da bango.

"Likita ta ce ba su da rana," in ji shi a natse. "Wani sai ya shekara ashirin suna kallonsa kawai, ran nan su waye gari su ce yau ne."

Muttaka ya yi sallama a gaggauce, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ta taga Malam Ilu ya hango shi yana ratsa tsakar gida, hannu ɗaya riƙe da takalmi, ɗayan yana sosa haɓa.

"'Yardada!" ya ƙwala kira. "Akwai sauran dambun nan? Ƙaro mini, ki sa mai da yawa."