Gam Ɗin da Zai Saki

Tun ranar da likita ya ce matarsa za ta zauna a asibiti har ta haihu, Auta ya rasa inda zai sa kansa. Awa biyu kacal ake barinsa ya gan ta a yini. Sauran lokacin sai ya buɗe shagonsa na gyaran takalmi, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya rufe, ya dawo gida, ya sake fita.

A falo, kan tebur, bargon da ta fara haɗa wa jaririn yana nan yadda ta bar shi. Hawa uku ne: fuskar sama da ta haɗa da ƙyallaye kala-kala, auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Saura a kama su wuri ɗaya don kada su zame a bakin keken ɗinki, sannan a ɗinke.

Ya gwada da allura da zare kamar yadda ya ga tana yi. Yatsunsa sun saba da fata da ƙusa, nan da nan audugar ta tattare gefe guda, ya soke kansa sau uku.

"Haba," ya ce shi kaɗai. "Ni da na shekara ashirin ina manna abu da abu?"

Ya kwashi ragowar ƙyallaye ya tafi shago. Gam ɗin takalmi ya fara gwadawa. Ya kama kam, amma ƙyallen ya sandare kamar kwali, ga wari. Ya tsallaka wurin kafinta ya samo farin gam. Wannan ya ɓullo ta saman yadin ya yi tabo. Duk da haka ya kai wa yayarsa, wadda tela ce a bayan layinsu, ta gwada a keke. Ko taƙi ɗaya ba a yi ba allura ta karye.

"Auta, ka fita idona," in ji Yaya. "Bargon jariri za ka yi ko ƙofar gareji?"

Bai tsaya ba, ya wuce kantin kayan ɗinki. Mai kantin ya miƙo masa gwangwanin gam na feshi, ya ce shi ake yayi, fesawa ɗaya an gama. Auta ya fesa kaɗan a bayan hannunsa, ya shinshina, ya yi atishawa. Ya tuna hancin jaririn da za a kwantar a kai, hancin da ba zai kai kan ɗan yatsansa ba. Ya ajiye gwangwanin, ya fita, ya dawo ya sake karanta rubutun jikinsa, ya sake fita.

Ya koma shagon Yaya. Tana ganinsa a karo na biyu ta janyo masa kujera.

"Zauna, kana sa ni jiri."

Ya zauna a bakin kujerar, ƙafa na rawa.

"Kai ka saba da gam ɗin da ba ya saki. Nan kuwa riƙo ake so na kwana biyu, zare ya karɓi aikin, wanki ɗaya ya fita. Ka dama sitaci ruwa-ruwa, ka ɗiga nan da can, ka bi da dutsen guga."

"Sitaci kawai?"

"To, da siminti kake so?"

Washegari ya ture kujerun falo, ya shimfiɗa shafin a ƙasa, ya ɗora auduga. Damun farko ya yi gudaji, ya zubar. Na biyu ya yi daidai. Yana rarrafe yana ɗigawa da tsohon buroshin haƙori sai waya ta yi ƙara, lambar matarsa. Ya zabura har ya yi ƙwallo da kwanon.

"Lafiya? Ya zo ne?"

"Caja ka manta ba ka kawo mini ba," ta ce.

Ya goge daɓen, ya dama na uku.

Da yamma ya je asibiti da cajar. Ta kalli gwiwar wandonsa da ta yi fari ta bushe, ta kalle shi.

"Maigida, ka taɓa mini bargo."

Ya nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana dubawa, tana buɗa shi da yatsu biyu.

"Ya kwanta sumul, ban ƙi ba. Amma shafin a juye yake. Furannin jikinsa suna ciki, suna kallon auduga."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage surutu. Shi ma ya yi, karo na farko cikin kwana tara.

Da safe ya yayyafa ruwa, shafin ya saki ba gardama, ya juya shi ya sake mannawa. Yaya ta hau keke da shi ranar Laraba. Tana tsakiyar layi na biyar aka kira Auta daga asibiti, shi da Yaya suka fita a guje, ita da takalmi wari da wari. Mace aka haifa, mako uku kafin lokaci, ƙarama amma da murya. Da tawul aka kawo ta gida. Bargon ya zauna a maƙale a bakin keke har wata guda, sai da mai jegon ta warware ta je ta ƙarasa shi da kanta, Auta na zagaye shagon Yaya da jaririyar a kafaɗa.