Akwatin Inna Lantana

Akwatin ya tsaya a bakin titin Tsafe kamar baƙon da ba wanda ya zo tarbarsa. Baƙi ne, babba, tayarsa ɗaya ta daɗe da cirewa. Fiddausi na tsaye a gefensa, ta ja hijabi har kan gira, tana kallon yatsun ƙafarta.

Baba Labbo ya zagaya shi sau biyu, ya kama marikin ya ɗaga, ya dire da sauri. Shekararsa ashirin yana kabu-kabu tsakanin Tsafe da ƙauyuka. Ya ɗauki akuya, ya ɗauki buhun taki, har ƙyauren ɗaki ya taɓa ɗauka a bayan babur ɗinsa.

"Malama Khadijat," ya ce, "ma'aikata kika ce zan kai. Ba ki ce mini da jeren amarya ba."

Masu baburan da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya suka kwashe da dariya. Fiddausi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama Khadijat, shugabar tawagarsu, ba ta yi dariya ba. Su huɗu ne za su shiga ƙauyukan bayan 'Yandoto, su yi kwana biyar suna bi gida gida suna ɗiga wa yara rigakafi. Babur biyu aka kama, kowanne zai ɗauki mace biyu da kular magani. Tun ranar horo a Gusau aka ba kowacce jakar goyo, aka ce abin da bai shiga cikinta ba, ba ya cikin tafiyar.

"Fiddausi, me na faɗa muku?"

"Jaka ɗaya, Malama."

"To wannan fa?"

"Inna Lantana ce..."

"Ina jakar da aka ba ki?"

Fiddausi ta zaro ta daga ƙarƙashin hijabi, a ninke, ba komai a ciki. Malama ta dubi rana, ta dubi agogon hannunta.

"Kin san hanyar nan ba a bin ta bayan la'asar. Ki buɗe, ki ɗebi kala biyu da abin wanka, sauran a mayar gida. In ba za ki iya ba, ki bi akwatinki ku koma Bungudu tare. Akwai wadda ke jiran gurbin nan a nan Tsafe, kira ɗaya zan yi mata."

Gaba kura, baya sayaki. Daga aji huɗu na firamare Fiddausi ta bar makaranta, lokacin da mahaifinta ya rasu. Wannan ne aiki na farko da aka taɓa kiran sunanta a cikin takarda, kuma an ɗauke ta ne saboda ta iya rubuta lamba da alli a jikin bango ba ta karkace ba. In ta koma yau, ba za a sake kiranta ba.

Amma buɗe akwatin nan a gaban maza, a bakin titi, shi ne abin da take gudu. Ta san abin da ke ciki. Duk duniya kala uku gare ta, ɗaya kuwa tana jikinta. Jiya da ta nuna wa mahaifiyarta, Inna Lantana, jakar goyon, Inna ta riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Da wannan za ki fita? Tafiyar kwana biyar? 'Ya mace ba ta barin gida da 'yar jaka a baya kamar wadda aka kora. Mutanen tasha idonsu sikeli ne. Su ce ɗiyar Lantana ta samu aikin gwamnati, amma ko ɗan kamfai na canji ba ta da shi?"

Inna ta jawo akwatinta na aure daga ƙarƙashin gado, ta aike ta ɗebo ruwa. Fiddausi ta dawo da wuri, ta hango ta ƙofa Inna na danna tsohon bargo da matashin kai a ciki. Ta koma da baya ta tsaya a zaure har aka kulle. Ba ta ce ta gani ba, Inna ma ba ta tambaya ba.

"Ɗiyata," in ji Baba Labbo, "in zinari ne, faɗi, mu kira 'yan sanda su raka mu."

Fiddausi ta durƙusa. Ta kwance makullin daga haɓar zaninta, sau biyu yana faɗuwa kafin ya shiga kwaɗon. Ta ɗaga murfin kaɗan, daidai shigar hannu.

"Buɗe sosai mana, lokaci na tafiya," in ji Malama.

A sama atamfofi biyu ne, an goge su sun sha ninki, an shimfiɗa su daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar ƙarƙashinsu akwai wasu goma. Ta ɗauke ta farko, ta ɗauke ta biyu, ta yi maza za ta rufe.

Malama ta ce, "Ina sabulu da soso? Ina silifas? Can ba shago."

Suna ƙasa. Inna ta sa su can ƙasa.

Ta fito da bargon, mai ƙonon garwashi a gefe. Ta fito da matashin, auduga na leƙe ta bakinsa. Buhunan fulawa guda uku, babu komai a ciki, an ninke su tsaf. Tsohon gidan sauro. Sannan hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a naɗe cikin tsumma. Wannan ba ta san da shi ba. Tana ja, tsumman ya warware, ɗan dutsen niƙan Inna ya faɗo, ya gangara har gaban tayar Baba Labbo.

Nusaiba, 'yar Gusau da za su hau babur ɗaya, ta tuntsire da dariya.

"Lallai Fiddausi! Niƙa za mu yi musu ko rigakafi?"

Wani daga cikin masu baburan ya fara tayata, sai ya dubi buhunan, ya dubi atamfofi biyun da ke cinyar Fiddausi, dariyar ta mutu a bakinsa. Nusaiba ma ta gane. Ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jakarta wadda ba abin da ya same ta. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar tirela da ta wuce ta nufi Funtuwa. Da dai dariyar suka ci gaba da yi, da ta fi sauƙi.

Malama Khadijat ta tattare zaninta ta tsuguna kusa da ita, ta ba masu baburan baya, jikinta ya tare akwatin. Ta karɓi jakar, ta nuna mata yadda ake naɗe atamfa kamar tabarma maimakon ninki. Silifas a ƙasa, sabulu cikin leda, ɗan tawul, man shafawa. Jakar ko rabi ba ta kai ba. Ta zuge ta miƙa mata.

"An gama. Baba Labbo, a samo motar Sakkwato ta sauke akwatin a tashar Bungudu. Dutsen kuma a bar shi wurin mai shayi, mu karɓa in mun dawo. Ba dalilin wahalar da direba."

"A'a, Malama."

Ita kanta Fiddausi ba ta san muryarta na iya fita haka ba. Kowa ya juyo.

Tashar Bungudu take gani. Da safe, da ɗan kamasho ya ɗaga akwatin ya yi nishi, Inna ta gyara mayafi ta dubi matan da ke jiran mota ɗaya bayan ɗaya. Hannun da ya ɗora shi da safe, shi zai sauke shi da yamma.

"A mayar da shi ciki," ta ce, a hankali yanzu. "Don Allah."

Malama ta matsa gefe. Fiddausi ta taka da kanta har gaban babur, ido na binta, ta ɗauko dutsen da hannu biyu. Ta naɗe shi cikin tsummansa, ta kwantar a ƙasa, ta jera buhunan, gidan sauron, matashin, ta ja bargon ta rufe. Yanzu ba abin da za a shimfiɗa a sama. Ta kulle hakanan.

Baba Labbo ya tsayar da wata motar haya, ya leƙa ta taga.

"Sama'ila, ga saƙo zuwa Bungudu."

Direban ya fito ya kama akwatin, ya sake shi, ya sa hannu biyu.

"Kai! Wanga kaya na wa?"

"Na Hajiya Lantana ne. Suturar ɗiyarta ce ta yi yawa, babur ya kasa. Ka faɗa musu haka in ka isa, kuma kada ka ɗora komai a kai."

"An gama, Baba."

Motar ta tashi. Baba Labbo ya ɗaure kular magani a gaba, ya buga babur, bai dubi Fiddausi ba.

"Hau, ɗiyata. Rana na yi."

Ta sa hannuwa cikin igiyoyin jakar, ta hau bayan Nusaiba. Har suka sauka daga kwalta suka kama hanyar ƙasa ba ta ɗaga kai ba. Can Nusaiba ta miƙo hannu baya, ba ta waiwayo ba, ta kamo hannunta ta ɗora a ƙugunta.

"Riƙe ni da kyau," ta ce. "Akwai ramuka."